Wa ya tuna majigi?

Ɗan Ringim:
Salam jama'a, wai da gaske ne a Amurka akwai silimar da mutum ke shiga da motarsa ya kalli fim yana ciki? Mu nan mun taɓa yin irinta kuwa?

Malam Na Gumel:
Gaskiya ne ɗana. Ta farko a Camden ta jihar New Jersey aka buɗe ta a 1933, zuwa 1958 sun kai wajen 4,000. Fili ne kawai da ƙaton allo, ka faka a rataya maka sifika a tagar mota. Da filayen bayan gari suka yi tsada, ga talabijin ga bidiyo, sai aka dinga sayarwa ana gina kantuna.

Hajiya Kazaure:
Mu dai majigi muka sani wallahi. Mota za ta zo da janareto, da la'asar sankira ya zaga gari yana shela, ana idar da isha'i kowa ya ɗauko tabarmarsa sai ƙofar gidan dagaci, a kafa farin ƙyalle, mata gefe maza gefe, yara kuwa har bayan ƙyallen suke leƙawa wai su ga mutanen. Fim ɗin noman gyaɗa ne ko tsafta ko rigakafi, wani na fassarawa da lasifika. Har yau ina jin zafin yadda abin nan ya ɓace ba wanda ya adana mana ko hoto.

Ɗan Ringim:
Allah sarki Hajiya, kyauta ake kallo?

Hajiya Kazaure:
Ko kwabo ba a biya, na gwamnati ne ai.