Soja mai ci zai iya raka ɗan'uwansa Sin?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni saje ne a rundunar sojan ƙasa, ina aiki a Bauchi. Yayana ɗan kasuwa yana so in raka shi birnin Guwanzu na ƙasar Sin, baje kolin Canton na watan Oktoba, lokacin hutuna.

Fom ɗin bizar Sin yana tambaya ko mutum ya taɓa aikin soja, ni kuwa ba zan ɓoye ba. To, izinin fita waje zan fara nema ta hannun kwamandana, ko biza? Wani abokin aikina kuma ya ce tunda jam'iyyar kwaminis ke mulkin ƙasar tun 1949, hatimin Sin a fasfo zai iya hana ni kwas a Amurka. Ban yarda ba, amma zancen ya tsaya mini a rai.

Don Allah wanda ya je yana cikin kaki ya warware mini.