"Hali zanen dutse": har da na yaro ɗan shekara 15?

Ɗan Zazzau: Jama'a, ana cewa hali zanen dutse, ba mai kankarewa. Shin maganar ta hau kan matashin da ba ya jin tausayi, ba ya nadama, ya cuci ɗan'uwansa ko a jikinsa? Ko kuwa "icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi" ce tasa?

Na-Asibiti: Masu maganar ba su faɗi a banza ba. Can cikin ƙwaƙwalwa akwai wasu 'yan curi biyu, hagu da dama, kowanne bai fi ƙwallon dabino ba, sunansu amigdala. Su ke zabura in ka ga tsoro a fuskar wani. A 2008 a Amurka an sa irin yaran nan a na'urar MRI mai ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, aka nuna musu fuskokin firgici, amigdalarsu ba ta motsa kamar ta sauran yara ba. A Ingila kuma, binciken masaniyar halayyar ɗan Adam Essi Viding na 2005 kan tagwaye 'yan shekara 7 ya nuna gado ne ke da kaso mafi tsoka a wannan hali.

Uwar Ɗalibai: Malam, gado daban, dutse daban. Sashen ƙwaƙwalwa na wajen goshi, wanda ke taka wa mutum birki, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. Dutsen da bai gama daskarewa ba ai laka ne. Kuma tsofaffi kan yi maganar ne kan babba da ya gagara, ba kan yaron da ke hannu ba.

Na-Asibiti: Na yarda, Hajiya, amma tanƙwarawar ce ake kuskure. Bulala tsoro take shukawa, shi kuwa tsoron ne ke da rauni a wurinsa. Ka dake shi yau, gobe ya koma, sai ƙiyayya da ta ƙaru. Lada ne ke kama shi. A cibiyar gyaran halin yara masu laifi ta Mendota da ke jihar Wiskonsin a Amurka, wadda aka buɗe a 1995, kullum ake auna halin yaro, ya kyautata yau ya ga sakamako gobe, ba sai ƙarshen wata ba. Waɗanda suka bi ta nan, komawarsu ga ta'asa ta yi ƙasa sosai da ta takwarorinsu da aka tsare a wasu wurare.

Uwar Ɗalibai: Haka ma masanin halayyar yara Mark Dadds na Ostareliya ya gano irin yaran nan ba su cika kallon idon mutum ba. Da aka ce su dubi idon, sai gane tsoro ya inganta.

Ɗan Zazzau: To hoton ƙwaƙwalwa zai iya tona yaro?

Na-Asibiti: A'a. Bambancin a tsakanin rukuni da rukuni yake fita, ba a kan yaro guda ba. Likita alamomi huɗu yake dubawa: rashin nadama, rashin tausayi, halin ko-in-kula da aiki ko karatu, da shu'uri, wato motsin zuciya, na fatar baki. Sai biyu aƙalla sun dawwama wata 12, a gida da waje, kuma sai an ji ta bakin iyaye da malamai.