Faransa ta tafi, Rasha ta zo: me ya canja a ƙasa?

Ɗan Ƙonni:

Assalamu alaikum jama'a. Wata tambaya ke cin raina, ina roƙon masu sani su warware mini ita. Shin akwai ƙasar da sojan waje suka zo suka gama mata da 'yan tayar da ƙayar baya, suka tattara nasu ya nasu suka tafi, aka zauna lafiya? Ko guda ɗaya a nuna mini.

Ƙanena direban babbar mota ne. Tun da aka rufe iyakarmu ta Nijar da Benin bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, kayan da yake ɗaukowa daga tashar jiragen ruwa ta Lome ta Burkina suke biyowa: Kaya, Dori, sannan a shigo ta Tera. Ba mai bin hanyar nan shi kaɗai. Sai an tara motoci, a zauna jiran rakiyar soja, guzuri ya ƙare a koma cin bashi. Ranar da ayari zai tashi sai ya kira mahaifiyarmu ya ce ta yafe masa, don gaba babu sabis, kuma ya sha wuce ƙonannun motoci a gefen titi. Ita kuwa abinci ba ya shiga bakinta sai ta ji muryarsa daga Tera.

Ina cikin waɗanda suka yi murna da fitar sojan Faransa a Disamban 2023, kuma har gobe ban ga laifin korarsu ba. Suna nan da jiragensu aka kashe mana sojoji 71 a Inates a Disamban 2019, bayan wata guda aka kashe 89 a Shinagodar. Amurka ma ta bar sansaninta na Agadas a Agustan 2024, wanda gininsa ya ci dala miliyan 100 da ɗoriya. Rashawa kuma sun sauka Yamai tun Afrilun 2024. Baƙi sun canja, amma ni ban ga abin da ya canja a hanyar Dori ba. Ga shi a daren Kirsimetin 2025 Amurka ta kai hari a jihar Sakkwato, nan gefenmu, wasu na cewa a ƙara, wasu na cewa an buɗe ƙofar da ba ta rufuwa. Ku fahimtar da ni don Allah.

Tsohon Malami, Damagaram:

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya tsare ƙanenka, ya kwantar wa mahaifiyarku da hankali.

Ka ce guda ɗaya, to ga ta: Saliyo. A Mayun 2000 sojan Birtaniya sun sauka Firitawun lokacin da 'yan tawayen RUF ke barazanar sake shiga birnin, a Janairun 2002 kuma aka ayyana ƙarshen yaƙin. Amma duba abin da ya haɗu. Tun kafin zuwansu sojan ECOMOG, rundunar ECOWAS, galibinsu 'yan Najeriya, sun zubar da jini a can. Majalisar Ɗinkin Duniya ta jibge dakaru sama da 17,000. Akwai zaɓaɓɓen shugaba, Ahmad Tejan Kabbah. Talakawa sun tsani RUF saboda guntule hannuwan mutane da suke yi. Sannan an toshe cinikin lu'ulu'u da taimakon da shugaban Laberiya na lokacin, Charles Taylor, ke ba su. Babbar magana kuma, babu wata ƙasa mai ƙarfi da ke jin cewa in an ci RUF da yaƙi ita aka ci.

Wannan na ƙarshen shi ne babu a Sahel. Wutar nan daga Libiya ta taso. A Maris 2011 Kwamitin Sulhu ya amince da ƙuduri mai lamba 1973 don kare fararen hula, Rasha da Sin suka ƙaurace wa ƙuri'a ba su hau kujerar na-ƙi ba. NATO ta yi amfani da shi har Gaddafi ya faɗi, aka kashe shi a Oktoba. Rasha ta ɗauka yaudararta aka yi, kuma daga nan kusan duk inda Turawan Yamma suka sa ƙafa sai ta nemi gefen da za ta tsaya. Makaman Libiya kuwa suka gangaro kudu, a 2012 Kidal da Gao da Tumbuktu suka kuɓuce wa Bamako.

Kada mu manta, a Janairun 2013 gwamnatin Mali ce da kanta ta kira Faransa, kuma cikin 'yan makonni aka ƙwato Gao da Tumbuktu. Da Hollande, shugaban Faransa na lokacin, ya je Tumbuktu a Fabrairu, da kiɗa da rawa aka tarbe shi. Ƙwato gari aikin jirgi ne da tankar yaƙi, sojan waje sun iya shi. Abin da ya biyo baya ne ya gagare su. Mutanen Iyad Ag Ghali da Amadu Kufa, jagororin masu iƙirarin jihadi a Mali, ba sa buƙatar riƙe gari. Da dare suke shiga ƙauye a kan babura, su raba rigimar manomi da makiyayi wadda alƙalin gwamnati ya yi shekaru yana ja, su karɓi abin da suke kira zakka, su yanka wanda suka zarga da kai rahoto. Rundunar Faransa ta Barkhane ta kai soja 5,100 a 2020, amma a cikinsu wa zai zauna ya yi shari'ar burtali? Haka Amurka ta yi shekara 20 a Afganistan, Taliban suka shiga Kabul a Agustan 2021 tun sojanta na ƙarshe ba su bar filin jirgi ba.

Zancen Ƙasa Ne:

Baba Malam, da girmanka, amma ka tsallake Kidal. A 2013 Faransa ta shiga garin ba tare da sojan Mali ba, ta bar 'yan awaren MNLA suna cin karensu babu babbaka. Da sojan Mali suka yunƙura a Mayun 2014 aka fatattake su, ga Faransa ga MINUSMA, rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya a Mali, a wurin. Sai a Nuwamban 2023 tutar Mali ta koma Kidal, da taimakon Rashawa da jirage marasa matuƙa na Turkiyya. Wannan ba canji ba ne?

Mu abin da muke so shi ne mu sayi makami da kuɗinmu, ba tare da wani ya gindaya mana sharaɗi ba. Ku tambayi 'yan Najeriya yadda Amurka ta hana a sayar musu da jirage masu saukar ungulu samfurin Cobra a 2014, Boko Haram na cin garuruwa. Tun daga 1971 aka shafe shekaru ana haƙar yuraniyom a Arlit ana haska Faransa, mu muna sayen wuta daga Najeriya. Ɗan Ƙonni, ka yi haƙuri. Ɓarnar shekara 10 ba ta gyaruwa dare ɗaya.

Tsohon Malami, Damagaram:

Maganar Kidal gaskiyarka ce, ta yuraniyom ma haka. Amma a auna kowa da mudu ɗaya. Da jirgin Faransa ya jefa bam a ƙauyen Bunti na Mali a Janairun 2021, binciken MINUSMA ya ce taron biki ne kuma fararen hula 19 suka mutu, Faransa ta musanta, muka yi Allah wadai. To a Mura fa? A Maris 2022 sojan Mali da baƙin mayaƙa farar fata suka yi wa garin ƙawanya ranar kasuwa, rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce an kashe aƙalla mutum 500, Bamako ta musanta. Duk ɗan da aka kashe wa uba a wurin, wa kake jin zai fara zuwa masa ta'aziyya?

Sai Tinzawatan a arewacin Mali, a Yulin 2024, inda 'yan tawaye suka yi wa 'yan Wagner, sojan haya na Rasha, mummunar ɓarna. Kakakin leƙen asirin sojan Yukren ya fito yana nuna cewa 'yan tawayen sun sami bayanan da suke buƙata, Mali da Nijar suka yanke hulɗa da Yukren. Wato yaƙin da ake yi a gabashin Turai ya sami fili a hamadarmu, kuma babu wanda ya shawarci mutanen wurin. A ƙarshen 2025 JNIM, ƙungiyar su Iyad Ag Ghali, ta tare tankokin mai har aka rufe makarantu a Mali na mako 2. Shi ma Bashar Assad na Siriya da Rasha ta riƙe tun 2015, da hankalinta ya koma Yukren, cikin kwanaki gwamnatinsa ta rushe a Disamban 2024. Kayan aro ba ya rufe katara, ko na wane ne.

Hajiya daga Yerwa:

Ni ba 'yar boko ba ce kamarku, abin da na gani zan faɗa. A 2013 ba Bature ne ya fitar da Boko Haram daga cikin Maiduguri ba. Yaranmu ne 'yan gora suka tashi, suka tsaya a bakin kowane layi da sanduna, mata na caje mata. Soja baƙo ne, bai san fuska ba, su kuwa sun san ɗan gidan wane ne ya ɓace wata 3 ya dawo da kuɗi. Su ma sun yi nasu zaluncin, akwai waɗanda aka nuna don gaba kawai, Allah ya yafe mana. Amma garin ya numfasa.

A 2015 kuma sojan Chadi ne suka ƙwato Gamboru da Dikwa, su da na Nijar suka ƙwato Damasak. Maƙwabci daban yake da mai zuwa daga ƙetaren teku, don in gidanka ya kama nasa ma na cikin haɗari, kuma ba inda zai tafi. Shi ya sa da na ji Nijar ta fice daga rundunar haɗin gwiwa ta tafkin Chadi a 2025, abin ya fi tayar mini da hankali a kan wane Bature ya zo, wane ya tafi.

Ɗan Ƙonni:

Na gode Baba Malam, ban taɓa kallon Saliyo ta wannan fuskar ba. Zancen Ƙasa, ɗan'uwa, ina tare da kai a maganar 'yanci, amma haƙurin da kake ba ni ba zan iya kai wa matar da ta rasa miji ba.

Hajiya, maganarki ce ta fi shiga raina, don mu ma ga Lakurawa nan suna kai-kawo tsakanin yankin Tangaza da Gudu da ɓangarenmu. In an matsa musu a can su tsallako nan, in an matsa nan su koma, gwamnatocin biyu kuma tun takunkumin ECOWAS suke kallon juna a kaikaice. Don Allah in akwai ɗan Illela ko Tangaza a nan, ya gaya mana: sojan ɓangarorin biyu suna sintiri tare a yanzu, ko kowa iyakarsa kawai yake tsaro?