Ƙugiyoyi masu gashi da aka ɗaura don kifin bas na Amurka: wacce za ta yi aiki a Binuwai da Faro?

Ɗan Garwa:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena masana harkar ruwa. Ina neman shawararku game da wani akwati da ɗan'uwana mai aiki a Amurka ya aiko mini, tare da doguwar sandar fatsa mai lamba 7 da igiyarta mai kauri. A cikin akwatin akwai ƙugiyoyi da aka naɗe da gashin tsuntsu da na dabba, wasu da siffar ƙananan kifaye, wasu baƙaƙe masu jela, wasu kuma da kan toshiya mai launi wanda ke sa su iyo a saman ruwa. Ya shaida mini cewa da su ake kama kifin bas mai ƙaramin baki a rafukan can, ba tare da an sa tana ko wani abinci a ƙugiyar ba, amma da yake shi ba masunci ba ne, bai iya yi mini bayanin wadda ake ɗaurawa a kowane lokaci ba. Ina so in san yadda masu wannan sana'a suke zaɓar wadda za su jefa, sannan in san ko akwai wadda za ta amfane ni a Binuwai ko a Faro, inda ba mu da wannan kifi.

Malamin Ngaundere:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Kafin a yi maganar ƙugiya, ya kamata a san kifin da aka ɗaura ta dominsa, domin duk abin da ke cikin akwatinka kwaikwayon abincinsa ne. Asalinsa Arewacin Amurka ne, a yankin manyan tafkunan da ke tsakanin Amurka da Kanada da kuma rassan kogin Misisifi, kuma yana son ruwa garau mai gudu a kan duwatsu da tsakuwa. Ba babban kifi ba ne idan aka gwada shi da namu, domin mafi girma da aka rubuta, wanda aka kama a tafkin Dale Hollow a 1955, bai cika kilo 5 da rabi ba, na rafi kuwa wanda ya kai kilo 1 ma kamu ne mai kyau. Yana cin ƙananan kifaye, da tsutsotsin ƙwari da ke zaune a ƙarƙashin duwatsu, da kuma wata dangin jatan lande mai manyan hannuwan kamu da ke rarrafe a ƙasan rafi, wadda in ta firgita take zabura da baya.

Abin da masu kamunsa suke fara tambayar kansu shi ne zurfin da kifin yake a wannan sa'a, bayan haka girman abin da yake ci, launi kuwa shi ne na ƙarshe, ko da yake shi ne ke fara ɗaukar idon sabon shiga. Duba cikin akwatinka, za ka ga wata siririya mai idanun dalma guda biyu, da dogon gashi fari a gefe ɗaya da tsanwa a ɗayan. Sunanta Clouser Minnow, kuma Bob Clouser ne ya ƙirƙiro ta a 1987 saboda wannan kifi a kogin Saskwahana da ke jihar Fensilbaniya. Hikimarta tana cikin idanun nan: an ɗaure su a bayan ƙugiyar, saboda haka idan ta faɗa ruwa sai ta kife, tsininta ya dubi sama, ta bi ta kan duwatsu ba ta maƙale ba, kuma duk lokacin da ka dakata da jan igiya sai kanta ya nutse ƙasa kamar ɗan kifin da ke neman maɓoya. A daidai wannan nutsewar ne kifi ya fi kai mata hari. Baƙar nan mai jela mai laushi kuwa ita ce Woolly Bugger, wadda Russell Blessing ya ɗaura a 1967, shi ma a Fensilbaniya, don ta yi kama da wata babbar tsutsar ruwa. Ana jefa ta sama da inda ake zaton kifi, a bar ruwa ya gangaro da ita kusa da ƙasa. Masu kan toshiya na lokacin zafi ne, da sassafe ko gab da magariba, sa'ad da ruwa ya ja baya kifi kuma yana duban sama. Ana jefa ta kusa da gaɓa mai inuwa, a ƙyale ta har zoben da ta yi a ruwa ya ɓace, sannan a ɗan fizge ta sau ɗaya. Mafi yawansu za ka same su tsakanin lamba 2 da lamba 8, kuma ka lura cewa yadda lamba ke ƙaruwa haka ƙugiya ke ƙanƙancewa.

A ganina, masu siffar kifi za su yi aiki a kowane kogi da babban kifi ke cin ƙarami. Masu kwaikwayon waccan dangin jatan lande ne nake shakka, domin ba ta cikin halittun kogunanmu. Kada kuma wani ya yi sha'awar a kawo mana kifin kansa: an kai shi Afirka ta Kudu a 1937, ya kuwa yi wa kifayen asali mummunar ɓarna a kogin Olifants.

Tsohon Masunci, Lagdo:

Malam ya yi bayani mai gamsarwa, Allah ya ƙara ilimi. Sai dai, ɗana, akwai abin da zan ƙara maka daga bakin ruwa, domin kifin da aka kwatanta ba shi da haƙoran yanka, namu kuwa yana da su. Duk abin da ka ja a cikin Binuwai mai ƙyalli da siffar kawara, tsage ne zai riga kowa zuwa, kuma haƙoransa na sama da na ƙasa shiga juna suke yi. Siririn zaren roban da ke ƙarshen igiyarka ba zai jure masa ko sau ɗaya ba. Za ka ji fizga, ka ɗago sanda, ka tarar da zare yana reto babu komai. Dole ne ka sa waya siririya mai tsawon kamar taƙi ɗaya tsakanin zaren da ƙugiyar. Bakinsa kuma ƙashi ne, ga tsalle da girgiza kai, saboda haka ƙugiyar da ba a wasa tsininta sosai ba fita take yi.

Ban yarda ka kai waɗannan kaya tafkinmu na Lagdo ba. Tun da aka kammala madatsar a 1982 ruwan nan ya zama mai faɗi da zurfi, aikin taru da kwale-kwale ne, ga kututturan itatuwa a ƙasa da za su cinye maka ƙugiyoyi. Haka kuma da damina, lokacin da Binuwai ya yi ja da laka, kifi da hanci da gashin baki yake neman abinci, shi ya sa tarwaɗa da kurungu suke zuwa wa tana, ba za su kula gashin da ba shi da ƙanshi ba. Ka jira rani, ruwa ya kwanta ya washe. Kuma ka tambayi masuntan wurin kafin ka sa ƙafa a ruwa, domin su suka san gurbin da dorina take da wanda kada ke kwana.

Ɗan Rakiya, Poli:

Ina gaida Baba da Malam. Na yi aikin rakiyar baƙi masu irin wannan kamu a kogin Faro, kuma abin da na gani ya gaskata maganarku duka biyu, sai wuri biyu da zan ɗan saɓa wa Malam. Faro, wanda ya gangaro daga tsaunukan Adamawa, yana komawa garau daga Janairu zuwa wajen Afrilu, ya bar gurabe masu zurfi tsakanin duwatsu da 'yan hanyoyin ruwa masu gudu, wato irin wurin da aka ƙera kayanka dominsa. Tsage iri uku ne a cikinsa, kuma mai idanun dalmar nan ita ce baƙi suka fi ɗaura masa, kamar yadda ake yi a kogin Zambezi. Na riƙe wadda tsage biyu suka kama a hannuna: gashin wutsiyar ya tsinke saura rabi, zaren kan ya warware, fentin idanun ya goge, amma aka ɗiga mata gam aka sake jefawa, ta kuma kama. Don haka kada ka jefar da wadda ta tsufa.

Wuri na farko da na saɓa wa Malam shi ne batun launi. A wajen tsage bai kamata a bar shi can baya ba, domin na sha ganin fari da tsanwa sun wuce ta gabansa bai motsa ba, a sauya baƙi da ja ya kawo hari nan take, musamman da hantsi da kuma bayan la'asar. Masu kwaikwayon jatan landen can ma kada ka raina su, tun da muna da ƙaguwa a ƙarƙashin duwatsu, kuma mai launin ruwan ƙasa da aka ja a hankali a kan yashi tana iya jawo kifin da ke kiwo a ƙasa. Ƙananan masu kan toshiya kuwa kawara na son su a ƙarƙashin itatuwan da suka sunkuyo kan ruwa, inda ƙwari ke faɗowa.

Abu guda nake roƙonka: kada ka nemi giwan ruwa da wannan sanda. Masu nemanta a Faro da dare suke fita, da sanda mai lamba 12, wadda ta fi taka ƙarfi nesa ba kusa ba, da ƙugiyoyi masu kauri da aka yi wa gashi mai tsawon tafin hannu ko fiye, domin kifi ne da ke iya wuce kilo 100. Ƙugiyarka za ta miƙe, ko kuwa ka wahalar da kifin har ya mutu a banza. Ka sani kuma cewa ɓangaren kogin da ke cikin gandun dajin Faro da yankunan farauta da ke kewaye da shi ba a shigarsa sai da izinin hukuma.

Ɗan Garwa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Tun da tsage na cinye gashin haka, waɗanda ke hannuna ba za su kai ni ƙarshen rani ba. Shin ana iya ɗaura irinsu da abin da ake samu a kasuwar Garwa?

Ɗan Rakiya, Poli:

Ana iyawa, yayana, kuma ita mai idanun dalmar ta fi kowacce sauƙi. Ka nemi ƙugiya mai dogon wuya mai ƙarfi, lamba 1/0 ko 2/0 (waɗannan sun fi lamba 2 girma), da zaren teloli mai ƙwari, da gam mai kamawa nan take. A can da gashin wutsiyar barewarsu suke yi, a nan kuwa dogon gashin akuya ko na wutsiyar saniya zai wadatar, idan aka wanke shi da sabulu aka rina wanda ake so. Idanun kuwa, ka yanko ƙwallaye biyu a haɗe daga siririyar sarƙar nan mai ƙwallaye da ake rataya makulli, ka ɗaure su a bayan ƙugiyar, nesa kaɗan da ramin zare, kana gicciya zaren ta tsakaninsu har su daina motsi. Sun fi dalma sauƙin nauyi, saboda haka a wuri mai zurfi sai ka naɗa siririyar waya a wuyan ƙugiyar kafin ka sa gashi. Kada ka cika gashin, domin mai yawa yana hana ta nutsewa. Ɗan abin da za ka iya hango haske ta cikinsa ya isa. Masu iyo kuma daga tsohon silifas ake yanko kansu, a fafe gaban kaɗan don ya riƙa tura ruwa, a soka ƙugiya ta tsakiya, a ɗaura gashin zabo biyu ko uku a baya. Ka gwada kowacce a cikin bokitin ruwa kafin ka fita, ka tabbata mai idanun tana kifewa tsininta na sama, mai silifas kuma tana zaune daidai ba ta karkata gefe ba.