Muhawara: Shin kiɗan fili ya mutu a Funtuwa?

Ɗan Jabiri: Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Na kwana biyu da wani abu a raina, kuma in ban faɗe shi ba ba zan sami sukuni ba. Daren Asabar na je wani gidan wasa a nan Funtuwa, wanda ba zan ambaci sunansa ba, domin an manna takardu a gari cewa za a yi kiɗan gargajiya, har da hoton kalangu a jikin takardar. Na biya naira 2,000 a ƙofa. Abin da na tarar shi ne yaro ɗaya zaune gaban kwamfuta, da mawaƙi tsaye riƙe da makirufo, babu ganga ko ɗaya a kan dandamalin. Wajen ƙarfe goma janareto ya mutu, sai kiɗan da muryar suka yanke lokaci guda, alhali bakin mawaƙin bai daina motsi ba, nan kowa ya gane cewa tun farko waƙar da aka naɗa yake bi da baki. Da na fito sai na ga wani dattijo zaune kan benci a bakin ƙofa, kalangunsa na cikin buhun shinkafa tsakanin ƙafafunsa, ya ce mini an gaya masa babu wurinsa a tsarin wasan. Wannan fa garin da Mamman Shata ya yi zamansa ne, garin Barmani Choge. Ni dai ina cewa kiɗan fili ya mutu a Funtuwa, kuma masu gidajen wasa ne suka kashe shi tun ranar da suka kori maroƙanmu suka kawo na'ura.

Jikan Makaɗi: Wa alaikumus salam. Yaya, na karanta maganarka da tausayi har na zo kan kalma ɗaya, a nan na tsaya. Wa kake kira maroƙi? Dattijon da ka gani da kalangu makaɗi ne, sana'a gare shi, ya san yadda ake ɗaure fata da yadda ake matsa tsarkiya a hammata har ganga ta faɗi sunan mutum. Kakana ya yi kiɗan mahauta shekarun da ba zan iya ƙirgawa ba, bai taɓa miƙa hannu a ƙofar kowa ba, kiransa ake yi. Ka zo kana kukan an wulaƙanta su, kai kuma ka wulaƙanta su da bakinka.

Malamin Hausa: Ɗana, ka yi haƙuri, amma kalmar ba zagi ba ce a asalinta. A Hausa roƙo suna ne na sana'a baki ɗayanta, kamar yadda ake cewa fawa ko ƙira ko saƙa, kuma a ƙarƙashinsa ne ake samun makaɗi mai riƙe da ganga, da mawaƙi mai jan baiti, da 'yan amshi, da sanƙira mai yi wa mutum kirari yana sanar da kyautar da aka bayar, da zabiya a wajen mata. Makaɗan fada masu kotso da taushi da jauje, waɗanda suke da sarautu a gidajen sarakuna, su ma a cikin maroƙa ake lissafa su, kuma babu wanda ya ce su almajirai ne. Bara daban, roƙo daban. Mai bara yana karɓa ne don Allah ba tare da ya ba da komai ba, maroƙi kuwa yana sayar da suna ne, ya ɗaga mutum a idon jama'a, a biya shi. Ɗan Jabiri bai yi kuskure ba.

Jikan Makaɗi: Malam, ina girmama iliminka, amma abin da ke cikin littafi daban yake da abin da ke bakin mutane. Je ka cikin kasuwa ka kira wani maroƙi ka ga ko zai yi maka godiya. Yayana ya nemi aure a wani gida a cikin garin nan, an karɓi kayan gaisuwa, bayan mako biyu aka dawo da su cikin kwalinsu ba a ko buɗe ba, aka ce sun bincika sun gano gidan maroƙa ne. Yana da shagonsa, bai taɓa riƙe gula ba. Kalmar da take hana mutum aure ba za a ce mini ba zagi ba ce.

Ɗan Musawa: Ni abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda aka jefa sunan Shata cikin wannan magana. Da farko dai a gyara, Shata mutumin Musawa ne, a can aka haife shi a 1923, zama ne kawai ya kai shi Funtuwa. Na biyu, ba ɗan gado ba ne, haye ya yi wa waƙa, kuma sanannen abu ne cewa mahaifinsa bai so ya yi ta ba, saboda daidai wannan kallon na roƙo da ake yi mata. Mutumin da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba digirin girmamawa na dakta a 1988, wanda sarakuna da attajirai suke aika masa a zo a yi musu waƙa, shi za a sa a layi ɗaya da masu bin gidajen suna da sassafe? Ɗan Jabiri ya janye kalmar, aƙalla a kan Shata.

Jikan Makaɗi: Alhaji, ka ga inda ka ɓata maganarka. Wato in mutum ɗan haye ne mawaƙi ne mai daraja, in kuma ɗan gado ne irinmu sai ya zama mai bin gidajen suna? Su wa suka riƙe wa Shata kalangu duk tsawon shekarun nan, su wa suka yi masa amshi? Cire makaɗan ka bar muryar ita kaɗai ka ji ko za ta tsaya. Ka zo kare mutum ɗaya ka tattake dukkanmu.

Baba Direba: 'Ya'yana, ni na yi shekaru ina bin hanyar Funtuwa zuwa Gusau da ta Zariya, kuma a ganina ba masu gidan wasa ne kaɗai ke da laifi ba. Garin nan mahaɗa ce, ga jirgin ƙasa da ke wucewa zuwa Ƙaura Namoda a da, ga gidan gurzar auduga, ga direbobi da 'yan kasuwa da ke kwana da kuɗi a aljihu, su ne masu liƙi. Yau mutanen Faskari da Sabuwa da Dandume ba su shigowa kallon wasa su koma gida da tsakar dare saboda 'yan bindiga, kuma kun tuna a 2021 har layukan waya aka rufe mana na tsawon watanni. Wasan da ba a kai dare ana yi, da me zai ciyar da ƙungiyar mutum goma?

Ɗan Daura: Tunda ana maganar wane gari ne ke da Shata, a tuna cewa da ya rasu a watan Yunin 1999 a Daura aka binne shi, ba a Musawa ba, ba a Funtuwa ba. Kowa ya san dangantakarsa da fadar Daura. Inda mutum ya kwanta kwanciyar ƙarshe yana da nasa haƙƙin, kuma mu ba mu taɓa jin an kira shi maroƙi a wajenmu ba.

Ɗan Musawa: Kabari ba ya canza inda aka binne cibiya, ɗan'uwa.

Hajiya Uwar Biki: Ina ta karantawa ina jiran wanda zai tuna cewa an ambaci sunan mace a farkon maganar nan, shiru. Barmani Choge ta zauna a garin nan har Allah ya yi mata rasuwa a 2013, kuma kiɗan da ta yi ba a gidan wasa ya girma ba, a tsakar gida ya girma, inda mata ke kife ƙwarya a cikin ruwa, a kife wasu a ƙasa, a bi su da 'yan sanduna har gari ya waye. Malam ya ce zabiya tana cikin maroƙa, to ni ban yarda a kira Barmani zabiya ba, mai amada ce, ta yi wa mata waƙa a kan sana'a da kishiya da haihuwa, abubuwan da mazan da kuke jayayya a kansu ba su taɓa faɗa mana ba. A bikin 'yar ƙanwata watan jiya mun kira masu ƙwarya, kuma sai da muka hana 'yan mata shiga fili saboda cika. Ku maza in naku ya mutu ku faɗi haka, kada ku haɗa da namu.

Malamin Hausa: Hajiya, ban ce Barmani zabiya ba ce, na ce zabiya reshe ce a cikin sana'ar. Amma ko mai amada in ta kira sunan uwar amarya ta yabe ta, aka tashi aka manna mata kuɗi a goshi, to abin da ya faru a nan shi Bahaushe ya kira roƙo, ko mun so ko mun ƙi.

Hajiya Uwar Biki: Malam, ka kira shi abin da ka ga dama a aji, mu a cikin gida tukuici muke ce masa.

Mai Situdiyo: Tunda an taɓo na'ura, bari in yi magana a madadin matasan da ake zagi. Mai gidan wasa zai biya hayar kujeru, ya sayi man janareto, ya biya masu gadi, sannan a ce ya ɗauko mawaƙi da makaɗa huɗu ko biyar da 'yan amshi da sanƙira, ya ciyar da su ya ba su kuɗin mota? Yaro ɗaya da fiyano yana fitar da sautin kalangu da na kotso a cikin ɗaki ɗaya. Sannan maganar roƙo, mu ne ma muka fita daga cikinsa, domin mu ana yin ciniki da mu ne kafin mu buɗe baki, a ba mu kafin alƙalami, mu naɗa waƙar amarya mu miƙa ta a waya. Wanda ke tsayawa a fili yana kiran sunan attajiri sau goma har ya ji kunya ya sa hannu a aljihu, ku gaya mini mene ne sunan abin da yake yi.

Jikan Makaɗi: Ƙanena, waƙoƙin 'yan siyasa da kuke fitarwa duk lokacin zaɓe, kuna jera sunayen 'yan takara da na matansu har a ba ku mota, su kuma mene ne sunansu? In akwai maroƙa a ƙasar nan yau, a situdiyo suke. Kuma sautin kalangun da ke cikin fiyanonka ba ya amsa wa kowa, ba ya ganin wanda ya shigo fili balle ya sauya kiɗa ya gaishe shi. Je ka Katsina ka ga wasan asharalle a biki, ka ga yadda masu kotso ke bin ƙafar mai rawa, sannan ka dawo mu yi magana.

Ɗan Jabiri: Jama'a, don Allah. Ni maganar gidan wasa na kawo, da dattijon da aka bari a ƙofa, da kuɗin da aka karɓa da sunan kalangu ba a kaɗa shi ba. Ban yi nufin cin mutuncin kowa ba. Tambayata ita ce, akwai wuri ɗaya a garin nan da mutum zai biya kuɗi ya zauna ya ji ganga ta gaskiya, ba a biki ba, ba a taron siyasa ba? In akwai a nuna mini.

Ɗan Musawa: Ka fara janye kalmar tukuna, sannan a amsa maka.

Jikan Makaɗi: Ni ma abin da nake jira ke nan, amma a janye ta a kan kowa, ba a kan Shata kaɗai ba.

Shugaban Zaure: To, dare ya yi, zan rufe wannan muhawara da taƙaita abin da aka cimma. An yi doguwar jayayya a kan kalmar maroƙi, kuma a fahimtata Malam, wanda ya koyar da da yawa daga cikinmu, ya warware ta tun a jawabinsa na farko, cewa suna ne na sana'a ba zagi ba, don haka Ɗan Jabiri ba shi da abin janyewa. Muna tausaya wa ɗan'uwanmu kan abin da ya sami yayansa, amma laifin waɗancan mutanen ne, ba na harshen Hausa ba. Game da Shata, 'yan'uwanmu na Musawa da Daura sun kawo haihuwa da kabari, sai dai babu wanda ya musanta cewa a Funtuwa ya kafa gidansa ya yi mafi yawan shekarun shahararsa, kuma duk wanda ya zo nemansa nan yake sauka, saboda haka wannan batu ma a fili yake. Hajiya ta tabbatar mana cewa kiɗan ƙwarya yana nan da ransa, wanda ya nuna cewa garinmu bai rasa kiɗa ba kamar yadda wasu na waje za su so a ce. Maganar situdiyo da waƙoƙin siyasa ba ta cikin abin da aka taru a kai, ban ga dalilin saka ta a nan ba. Wanda ya san unguwar dattijon nan mai kalangu ya sanar da ni a keɓe, ina da bikin ƙanena bayan Sallah kuma ina son a kira shi.