Taswirar da na ƙera a Warcraft III ta koma dabara ɗaya, ina neman shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da shagon cajin waya a wani ƙauye kusa da Ringim. Da yamma idan sola ta cika batir, mukan haɗa tsofaffin kwamfutoci biyu da kebul mu buga wasan yaƙin nan Warcraft III: The Frozen Throne na 2003.

Da World Editor, manhajar ƙera taswira ta wasan, na ƙera ƙaramar taswira ta mutum biyu. Duk wanda ya ɗauki ƙabilar Orc ya fito da jaruminsu mai takobi Blademaster, shi ke nan. Zai ɓace da Wind Walk, wato layar zanarsa, ya lallaɓa ya karkashe masu haƙar zinare, kafin abokin karawa ya farfaɗo an gama. Da na rage masa ƙarfin sara, sai kowa ya watsar da shi ya koma ƙabilar Night Elf yana tara maharba.

Abin da ya fi damuna, ba mai yarda abincin rundunarsa, wato ma'aunin yawan dakaru, ya wuce 50, don daga nan haraji ke farawa, duk zinare 10 da aka haƙo ya koma 7. Saboda haka manyan dakaru ba sa fitowa sam.

Taswirar ce ta yi ƙanƙanta, ko in ƙara ramin zinare a tsakiya? Ko tsawon lokacin ɓacewar zan taɓa, in bar saran? Don Allah wanda ya taɓa gyara irin wannan ya taimaka.