Kiɗa ɗaya, ƙungiya ɗaya, sauti uku: wanne ne na asali a faifan Di Sarli?

Mai_Garmaho:

Assalamu alaikum masana. Ga fayil uku na kiɗan tango na Ajantina, duk an rubuta musu sunan shugaban makaɗa Carlos Di Sarli, "A la gran muñeca", babu shekara, babu sunan kamfani. Na farko da ɗan sauri da shuu na tsohon faifai. Na biyu ya fi nauyi amma sautin a dushe yake. Na uku tas yake, sai dai da amsa-kuwwa kamar a cikin rijiya aka kaɗa shi. Shin ɗauka uku ce daban, ko ɗaya ce masu kwafa suka jagwalgwala? Haka abin yake da "La cumparsita" ta ƙungiyar Juan D'Arienzo. Ta yaya ake tantancewa ba tare da faifan yana hannu ba?

Baban_Zara:

Wa alaikumus salam Malam. Da alama ukun duk na gaske ne. Di Sarli ya ɗauki wannan kiɗa na Jesús Ventura sau uku: 1945 a kamfanin RCA Victor, 1951 a Music Hall, sai 1954 bayan ya koma RCA Victor. Yadda ka siffanta su ya yi daidai da wannan jerin. Na 1954 shi aka fi sakawa a wuraren rawa, shi kuma aka fi yi wa ƙarin amsa-kuwwa.

Abin da ya kamata ka riƙe shi ne, sunan shugaban ƙungiya kaɗai ba ya gaya maka komai sai ka haɗa da shekara, domin makaɗan da ke bayansa canzawa suke yi. Di Sarli na 1928 zuwa 1931 mutum shida ne kacal. Na ƙarshen 1939 zuwa 1941, lokacin da Roberto Rufino yana saurayi ɗan shekara 17 ya fara yi masa waƙa, sauri gare shi har wani kan ɗauka D'Arienzo ne. Daga 1942 ya fara lafawa. A shekarun 1950 kuwa ya zama mai tafiyar ƙasaita, bayolin ne a gaba, bandoniyon (kayan kiɗa mai zuga-zugi da ake ja ana matsewa da hannu biyu) na biye, shi kuma yana cike gurbi da fiyano da hannun hagu mai nauyi. A 1956 yawancin makaɗansa suka balle suka kafa Los Señores del Tango, don haka mutanen da ka ji a "Bahía Blanca" ta 1957 ba su ne na 1954 ba.

D'Arienzo ya fi sauƙi: saurari mai fiyano. Rodolfo Biagi ya zauna daga ƙarshen 1935 zuwa 1938, kuma salonsa ba ya ɓuya, gajerun bugu masu tsini a sama-saman fiyano da yake cusawa a tsakanin jimloli. Juan Polito ya gaje shi. A 1940 Polito ya tafi da ƙungiyar kusan kaf har da mawaƙi Alberto Echagüe, sai D'Arienzo ya sake gini da Héctor Varela a bandoniyon, Fulvio Salamanca a fiyano, Cayetano Puglisi a bayolin. Saboda haka "La cumparsita" ta 1937 Biagi ne, ta 1943 da ta 1951 Salamanca ne. Ta 1951 ta fi kauri da yawan kayan kiɗa, kuma tsayawar da suke yi cak a tsakiya ta fi tsawo da ban mamaki. Shi kiɗan kansa ba na D'Arienzo ba ne. Gerardo Matos Rodríguez ɗan Yurugwai ne ya tsara shi a Montevideo, ƙungiyar Roberto Firpo ta fara kaɗa shi.

In akwai mawaƙi, ya ba ka rabin amsar. A shekarun 1930 sai an ci fiye da minti ɗaya kafin ya shigo, ya yi amshi kawai ya fita. A shekarun 1940 rabonsa ya ƙaru. Ƙungiyar Aníbal Troilo da mawaƙi Francisco Fiorentino na nufin 1941 zuwa 1944. Ƙungiyar Ricardo Tanturi da mawaƙi Alberto Castillo 1941 zuwa 1943, da Enrique Campos kuwa daga 1943.

Injiniya_Sauti:

Baban Zara ya gama da ɓangaren tarihi. Amma ko da ka gano shekarar, kwafi biyu na ɗauka guda kan bambanta, kuma a nan ɓarnar take.

Tushen matsalar: yawancin faifan ƙarfe na asali na RCA Victor a Ajantina, waɗanda ake buga faifan kasuwa da su, sun salwanta a shekarun 1960. Abin da muke ji yau galibi an kwafo shi ne daga faifan garmaho na kasuwa mai juyi 78 a minti, ko daga kaset da manyan faifai da aka yi daga gare su. Kowane hannu da ya taɓa ya bar tabonsa.

Na farko, gudu. Idan faifan ya juya da sauri fiye da yadda aka yanka shi, amon ya hau, kiɗan ya gajarce. Juyi 80 maimakon 78 ƙarin kashi 2.6 cikin ɗari ne, kusan rabin ƙaramin mataki na amo, wato tazarar sauti tsakanin maɓallan fiyano biyu da ke maƙwabtaka. Cikakken ƙaramin mataki kuwa kashi 6 ne, wato kiɗan minti 3 zai rasa daƙiƙa 10. Kunne kan kama shi a muryar mawaƙi: Fiorentino ya koma siriri kamar yaro, rawar muryarsa ta yi sauri. Hanyar aunawa ita ce ka sa manhajar saita amo a waya, ka auna dogon sauti na bandoniyon ko bugun fiyano na ƙarshe. Kada ka auna da bayolin ko murya, su suna lanƙwasa amo da gangan. Bandoniyon ba a murɗa shi a wurin wasa, harsunan ƙarfensa a saite suke tun daga masana'anta a Jamus, don haka kowa shi yake bi. A faifan shekarun 1930 zuwa farkon 1940 sautin "la", wanda ake saita kayan kiɗa da shi, yana wajen girgiza 435 a daƙiƙa ne, ba 440 ba. Injiniyan da bai san haka ba sai ya ja shi zuwa 440 yana ganin gyara ya yi, alhali ya ƙara gudu da kashi 1.1. In za ka maido shi a manhajar gyaran sauti ta Audacity, zaɓi wanda ke sauya gudu da amo tare. Wanda ke sauya gudu shi kaɗai ba ya gyara komai, sai ma ya sa fiyano ya riƙa ɓari.

Na biyu, amsa-kuwwar da ka ji. Ɗakin ɗauka na wancan zamani a bushe yake. A zamanin manyan faifai aka riƙa ƙara ta don kiɗan ya yi kama da na zamani, wasu har da sitiriyo na jabu, ƙasan sauti a lasifika ɗaya, samansa a ɗaya. Gwaji: saurari bugu biyu na ƙarshe, wanda 'yan tango ke kira "chan-chan". In sautin ya mutu nan take, lafiya. In ya bar jela, an taɓa shi. Duk abin da aka ɗauka kafin ƙarshen shekarun 1950 mono ne, wato sauti iri ɗaya a lasifika biyu, in ka ga layin hagu da na dama sun bambanta, aikin hannu ne. Wannan ba ya ciruwa da kyau, nemi wani kwafin kawai.

Na uku, wanke shuu fiye da kima. Shuu ɗin faifai da saman sautin bayolin wuri guda suke zaune, in ka kashe ɗaya ka kashe ɗayan. Sakamakon shi ne sauti kamar an tura rediyo ƙarƙashin bargo. Ni dai kwafi mai ɗan shuu da fiyano a fili ya fi mini wanda aka wanke tas. Amma fayil ɗinka na biyu ba lallai wannan ce ta same shi ba, ɗaukar Music Hall dama ba ta kai ta Victor haske ba. Irin haka ya sami Troilo a kamfanin TK a farkon shekarun 1950.

Wanda kuma ya samu faifan kansa: allurar manyan faifai mai mil 0.7 (mil ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin dubu na inci) ta yi siriri, za ta nutse ƙasan layin ta kwaso ƙara. Ana buƙatar mai mil 2.5 zuwa 3. Kada a goge shi da sifirit ko wani abu mai barasa, narkar da shi zai yi. Ruwa mai tsabta da ɗigon sabulu, a kiyaye takardar tsakiya, a bar shi ya bushe sarai. In ramin tsakiya ya kauce, amon zai riƙa hawa da sauka sau ɗaya a kowane juyi, kuma a fiyanon Di Sarli ake fi jin haka.

Hajiya_Milonga:

Injiniya, na yarda da kusan duka, amma a yi hattara da 435 ɗin nan. Kada Malam ya je ya ja na 1954 zuwa can. Zuwa lokacin saitin ya riga ya hau, in ya sauke shi zai mayar da kiɗa mai nauyi ya zama mai jan ƙafa. Ma'aunin na tsofaffin ne.

Akwai kuma tarkon suna. Daga 1943 gwamnatin soja ta hana kalmomin lunfardo, wato yaren titi na Buenos Aires, a rediyo, har zuwa 1949. Sai aka riƙa canza wa kiɗa suna. "Shusheta" ta Juan Carlos Cobián ta fito da sunan "El aristócrata" a faifan Ángel D'Agostino da Ángel Vargas na 1945. Kana iya tara fayil biyu kana zaton kiɗa biyu ne.

In don rawa kake tarawa, kada ka haɗa ukun nan ko makamantansu a zubi guda. Zubi, wanda suke kira tanda, kiɗa huɗu ne na ƙungiya ɗaya, zamani ɗaya, in da hali mawaƙi ɗaya. Di Sarli na 1945 kusa da na 1954 zai sa masu rawa su canza taku a tsakiya, ga ƙarfin sautin ma ba ɗaya ba. Na 1954 abokansa su ne sauran na kayan kiɗa zalla da ya ɗauka a Victor a 1954 da 1955, irin su "El amanecer" ta 1954. Ita ma sau uku ya ɗauke ta, 1942, 1951 da 1954, don haka a duba kafin a saka.

Mai_Garmaho:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Ke nan a sunan fayil me ya kamata a rubuta don kada a sake rikicewa?

Baban_Zara:

Ƙungiya, mawaƙi, suna, shekara, kamfani, da inda aka kwafo. Misali: Di Sarli, babu mawaƙi, A la gran muñeca, 1954, RCA Victor. In ka taɓa gudun, rubuta kashi nawa ka rage, ka kuma ajiye wanda ba ka taɓa ba a gefe.